Darasin zane a firamare: ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Malamar CM1, Garwa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai da 'yan'uwa abokan aiki, akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya dace in shimfiɗa ta a gabanku ko Allah zai sa a samu wanda ya riga ni shiga irinta. Shekarata tara ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, bana kuma ajin CM1, wato aji biyar, nake riƙe da shi, mai yara 86. A jadawalinmu na mako an ware lokaci don zane da aikin hannu, wanda yara ke kira desan, amma a mafi yawan makonni lissafi ko shifta ne ke cinye lokacin, saboda hankalin kowa yana kan jarrabawar CEP ta kammala firamare da ke jiran yaran nan baɗi. Ranar da aka samu aka yi darasin kuwa, tsarinsa ɗaya ne: malami ya zana mangwaro ko bokiti a kan allo, yara su kwafa, ya bi su ya ba da maki. Haka aka yi mini ina yarinya, haka na tarar ana yi, haka ni ma na yi ta yi.

A watan jiya sai na ce bari in sauya. Na umarci kowa ya zana abin da yake gani a hanyarsa ta zuwa makaranta. Akwai wani yaro mai zama a bencin baya, wanda Faransanci ke ba wa wahala har ya zama ba ya ɗaga hannu a aji. Shi ne ya zana mai ga-ruwa yana tura kura. Abin da ya tsayar da ni shi ne jarkokin: na gaba ya zana su cikakku, na baya kuma rabinsu kawai ke leƙowa kamar yadda ido ke ganinsu, sannan ya karkatar da jikin mutumin gaba har mai kallo yana jin nauyin kurar. Ba wanda ya koya masa wannan. Na yaba masa a gaban aji, na ce ya kai gida ya nuna.

Washegari mahaifinsa ya zo. Bai ɗaga murya ba, cikin mutunci ya ce shi karatu ya kawo ɗansa ya koya, kuma ba ya son a sa shi zana mutum domin haramun ne. Shugaban makaranta ya ba shi haƙuri, bayan fitarsa kuma ya ce mini in koma kan mangwaro a zauna lafiya. Tun daga ranar yaron ya koma shirunsa, abin kuma yana damuna ƙwarai.

Don haka nake roƙon shawara. Yaya zan yi da iyaye masu irin wannan fahimta ba tare da na raina addininsu ba, wanda shi ne addinina? Da me yara 86 za su yi zane, alhali rabinsu da kyar ake saya musu littafin rubutu da biro? Kuma yaya wadda ita kanta ba ta iya zane ba, ba a kuma koya mata shi sosai a makarantar horar da malamai ba, za ta koyar da shi?

Alaramma, Marwa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya maimakon ki yi fushi da uban yaron, domin maganarsa tana da asali. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surar abu mai rai, a cikinsu kuma akwai labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin surori yake cin abinci. Ɗan Abbas ya karanta masa gargaɗin, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa, in dai ba makawa sai ya yi, to ya riƙa yin bishiya da duk abin da ba shi da rai. Kin ga ke nan sana'ar ba a rufe ƙofarta ba, iyaka aka sa mata.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawanmu muka tashi a kai, malamai sun bambance. Surar abu mai rai da aka ƙera ta tsaya da jikinta, mai inuwa kuma mai cikakkun gaɓoɓi, ita ce haramun. Wadda aka zana a shimfiɗe a kan takarda ko bango sun tsayar da ita a makaruhi, 'yar tsanar yara mata kuwa an yi rangwame a kanta saboda hadisin Nana A'isha. Wasu malamai na wasu mazhabobi sun tsananta har a kan na takarda. Tunda haka ne, shawarata ita ce kada ki shiga jayayya da uban. Ki je gare shi, ko ki aika masa ta hannun wanda yake girmamawa, ki ce ɗansa ba zai sake zana mai rai ba sai da yardarsa, amma ki roƙe shi ya bar yaron ya ci gaba da zana sauran abubuwa, domin baiwa ce Allah ya ba shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda makarantun boko suke koyar da zane kamar baƙon abu ne da ya zo daga Turai, alhali yaran da ke zaune a gabanki da yawansu sun wanke allo da asuba kafin su zo. Mu a tsangaya muna da zayyana. Idan almajiri zai yi sauka, ana ƙawata masa allo da da'irori da murabba'ai da layuka masu saƙa juna, kuma duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu ya san alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada, kowanne da irin adonsa. Wasali da jar tawada ake sa shi, hamza da ɗigon rawaya. Mai zayyana ba ya amfani da komai sai alƙalamin gamba, da zare, da tsinke, da tawadar da ya haɗa da kansa daga gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro. Yakan kafa tsinke a tsakiya, ya ɗaura zare ya kewaya ya fitar da da'ira, sannan ya ɗauki tsawon zaren nan ya bi gefen da'irar da shi, sai ta rabu gida shida daidai ba ragi ba ƙari. Na ga jikana yana yin wannan da kamfas a littafin lissafinsa, na ce masa mu tun kafin a haifi ubansa muke yi.

Ki nemi alaramman da ke unguwarku, a unguwar Hausare ba za a rasa mai zayyana ba, ki roƙe shi ya zo ajinki sau ɗaya ya nuna wa yara. Ba na jin akwai uban da zai zo ƙara a kan haka.

Tsohon Malami, Kusuri:

Alaramma ya gama magana a kan abin da ya shafi addini, ni zan tsaya a kan aji, domin na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli kafin in yi ritaya. 'Yata, kada rashin iya zane ya karya miki gwiwa. Malamin da ya iya zane sosai shi ne ma ya fi faɗawa cikin kuskuren da kika ambata, domin zai cika allo da gwaninta, yara kuma su koma masu kwafe. Abin da ake koyarwa a wannan darasi shi ne kallo. Yaro yana ɗauka ya san siffar buta saboda kullum yana ɗaukar ta, amma ki ajiye buta a gabansa ki tambaye shi hancin butar daga ina ya fara, shin ya kai tsayin bakinta ko ya gaza, mariƙinta ya fi kusa da sama ko da ƙasa, sai ki ga ya yi shiru yana duba ta kamar yau ya fara ganinta. Wannan shirun shi ne darasin, kuma tambaya kawai yake bukata daga gare ki.

Ga yadda nake yi da babban aji. Nakan raba yara rukuni takwas ko goma, mu fita ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, kowane rukuni ya zauna a kewaye da abu ɗaya na gaske: tulu, takalmi, reshen bagaruwa da ƙayarsa, fitila, turmi da taɓarya. Minti biyar na farko ba wanda zai taɓa abin rubutu, kallo ne da tambaya. Daga nan su fara a kan rairayi da yatsa ko tsinke, inda kuskure ba ya tsoratar da kowa tunda tafin hannu ɗaya ke share shi, sannan a koma ƙaramin allo da alli, sai zanen da ya yi kyau ne ake kai wa takarda. Da yake a kewaye suke zaune, wanda ke gaban tulun da wanda ke bayansa ba za su zana abu ɗaya ba, kuma a nan ne yaro ke gane cewa zanen ɗan'uwansa ba amsa ba ce da zai sata.

Kayan aiki kuwa suna cikin gidajenku. Takardar buhun siminti, idan aka ware ta aka cire ta ciki mai ƙura, tana karɓar gawayi fiye da farar takarda. Kwalin shago ma haka. Jar ƙasa da farar ƙasa, a daka a tankaɗe a dama da ruwan ƙaro, fenti ne mai kama jiki. Zoɓo, wanda muke kira folere, yana ba da ja mai duhu, in an ɗiga masa ruwan kanwa sai ya juye ya koma wajen shuɗi-shuɗi ko kore; gangamau rawaya ne, kanwa kuma tana mayar da shi ja. Ranar da na fara nuna wa yara wannan sai da ajin ya kaure da salati. Akwai karan dafi da dukawan Marwa ke rina fata da shi, akwai bula ta wanki, akwai goro. Buroshi kuma asuwaki ne da aka tauna bakinsa, ko gashin kaza.

Abu na ƙarshe, ki nuna wa yara cewa ƙasarsu ƙasar masu fasaha ce. Na yi aiki a wajen Maga da Fus, inda 'yan ƙabilar Musgum ke gina ɗakin nan nasu na laka mai tsini kamar ƙwai, wanda suke kira tolek. Ba azara a jikinsa, ba ginshiƙi, wani kuma yakan kai mita tara. Zanen da ke bin jikinsa daga ƙasa har sama, wanda baƙo zai ɗauka ado ne kawai, shi ne matakalar da magini ke takawa yana ɗora laka, shi ne kuma ke karya ƙarfin ruwan sama don kada ya zaizaye bangon. Da na sa yara suka ƙera ƙananansa da yumɓu, duk wanda ya miƙar da bangonsa sak sai ya rufta masa, wanda ya bi lanƙwasar a hankali nasa ya tsaya. Ke kuma a hanyarku ta zuwa Marwa, kusa da Figil, akwai Bidzar, inda wasu mutane suka sassaƙa da'irori a kan shimfiɗaɗɗen dutse tun zamanin da ba wanda ya riska, kuma haƙar dutse don siminti da farar ƙasa ta daɗe tana barazana ga wurin. Yara nawa ne a ajinki suka taɓa jin sunansa?

Mai Zanen Alluna, Njamena:

Ina gaida iyayena biyu da suka yi magana, kuma na ƙaru da su. Sai dai, Baba Alaramma, a gafarce ni, ina tsoron kada shawarar zaman lafiya ta sa a taƙaita darasin zane ga ado da da'irori kaɗai. Ni ma irin yaron nan ne. Ina aji huɗu wani malami ya kama ni ina zana doki a bayan littafina, ya yi mini bulala ya yaga shafin, ban sake nuna wa kowa zanena ba sai da na girma. Yau da wannan hannun nake ciyar da iyalina, ina rubuta allunan shaguna da jikin motoci, ina kuma tsara talla a kwamfuta.

Yaron da zai zama likita ko ma'aikacin jinya dole ya zana zuciya da huhu da ƙasusuwa, wanda zai zama malamin dabbobi dole ya san siffar saniya ciki da waje, tela kuma ba zai yanka yadi ba sai ya fahimci ma'aunin jikin mutum. Ko a firamare, darasin kimiyya cike yake da hoton sauro da kifi da haƙori. Idan aka ce yaro ba zai taɓa zana mai rai ba sam, an toshe masa hanyoyi da yawa tun bai san da su ba.

Game da masu cewa zane ba ya kai mutum ko'ina, Malama, ki dubi atamfar da kuke ɗinkawa ranar mata, 8 ga Maris, da ta ranar malamai, 5 ga Oktoba. Wani ne ya zauna ya zana ta kafin a buga. A Kamaru akwai cibiyoyin koyon fasaha na jami'a a Fumban da Nkongsamba, akwai makarantar fasaha ta Mbalmayo, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ita ma tana da cibiyarta ta fasaha, a garinku ke nan. Fumban kuwa gari ne na Musulmi, inda Sarki Njoya ya ƙirƙiro rubutun Bamun tun wajen 1896, fadarsa kuma ta tara masu zane. Mu a nan Cadi muna da duwatsun Ennedi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, ga dubban zanen shanu da raƙuma da mahaya a jikin koguna. Muna da kayan yumɓun mutanen Sao a gidan tarihi na ƙasa, sannan a Gawi, 'yar tafiya kaɗan daga Njamena, matan Kotoko har yau suna gina tukwane suna yi wa bangon gidajensu zane da ƙasa mai launi. Na sha kai 'ya'yana can, amma ban taɓa jin an kai su daga makaranta ba.

Uwar Yara Biyar, Ngaundere:

Ni ba malama ba ce, uwa ce mai sayar da kayan miya, kuma zan faɗi abin da iyaye da yawa ke ji amma ba sa faɗa. Ba ƙin zane muke yi ba. Abin da ke ɓata mana rai shi ne a turo yaro da dare ya ce gobe ana son fensir mai launi da babbar takarda da gam, alhali kuɗin ƙungiyar iyaye ma ba mu gama biya ba, sannan a ƙarshen shekara ya faɗi lissafi. Idan da gawayi da takardar siminti za a yi kamar yadda Baba na Kusuri ya ce, kuma ba za a taɓa lokacin karatu ba, ni da kaina zan aiko da ƙaro. Kuma a riƙa tuna 'yan mata. Babbar 'yata da zanen lalle take saya wa kanta kayan makaranta, hannunta ba ya rawa ko kaɗan, amma a aji makinta na desan bai taɓa wuce biyar bisa goma ba saboda mangwaronta bai yi kama da na malam ba.

Alaramma, Marwa:

Ɗana na Njamena, ba ka yi laifi ba, kuma bulalar da aka yi maka zalunci ce. Malamai da yawa na wannan zamani sun yi sauƙi a kan hoton da ake bukata don neman ilimi, kamar na likitanci, haka nan surar da ba ta cika ba, kamar hannu ko ido ko wata gaɓa ita kaɗai, hukuncinta ba ɗaya ba ne da na cikakkiya. Abin da na ce wa Malama shi ne kada ta mayar da yaro ɗan shekara goma filin daga tsakaninta da ubansa. Idan uban ya ga amfanin abin da idonsa, magana ta gaba za ta zo da sauƙi.

Malamar CM1, Garwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo, shi ya sa kuka ji ni shiru mako uku.

Na je gidan yaron tare da mijina bayan la'asar, na faɗa wa mahaifinsa abin da Alaramma ya ce in faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda da bishiya da gida da kayan aiki, amma a kan mutum da dabba yana nan a kan bakansa, ni kuma na ce na ɗauki alkawari. Ban ji daɗin rabin amsar ba, domin maganar ɗan'uwana na Njamena tana raina, amma zan cika abin da na ɗauka.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na fitar da su ƙarƙashin bishiya rukuni tara, da butoci da tulu da tsohuwar fitila da keken mai gadi. Ba zan ɓoye ba, minti goma na farko hayaniya ce zalla, rukuni biyu kuma faɗa suka yi a kan gawayi. Amma da na fara zagayawa ina tambaya kamar yadda Baba na Kusuri ya koya mini, sai wurin ya lafa. Wata yarinya ta kira ni ta ce, Madam, bakin tulun nan na san zagaye ne, amma daga inda nake zaune kamar ƙwai yake, wanne zan zana? Na ce ta zana wanda take gani. Yaron nan kuwa keken ya zauna a gaba, ya ƙirga wayoyin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa gawayi a takarda, kuma shi ne ya tashi ya nuna wa rukuninsu, da Fillanci da Hausa da ɗan Faransancinsa, yadda sarƙa ke bi ta kan haƙora.

Na daina ba da maki a kan kama da zanen malami. Yanzu ina duba ko yaro ya lura da abin da ke gabansa, ko ya cika takardarsa, ko ya kai aikin ƙarshe, kuma shugaban makaranta ya amince muddin akwai lamba da zai sa a takardar sakamako. Mai zayyana ya yi alkawarin zuwa bayan hutu. Hajiya ta Ngaundere, na sa ranar zanen lalle a kan takarda, 'yan matan ne za su koya wa mazan.

Saura matsala ɗaya. Zanen gawayin yana gogewa da zarar an ɗora takarda a kan takarda, har wasu yara sun yi kuka da suka ga nasu ya dame. Baba na Kusuri, idan na tsarma ruwan ƙaro na yayyafa a kai zai riƙe shi, ko akwai wata dabarar da kuke yi?